Saukowar Na-Gano Daga Tankin Ruwa

Mutumin sana'arsa gyaran fanka da rediyo, kuma ya iya, wannan ba a ƙwace masa ba. Da ya tsaya a nan da yanzu babu labarin da za a ba ku. Amma tun shekarar da aka harbe Ɗan Majalisa a filin taro yana tsakiyar jawabi, sai ya ajiye filaya ya ɗauki biro, ya ce shi zai gano wanda ya yi kisan. Gwamnati da motocinta da karnukanta ta nema ta gaji, shi da ko keke ba shi da shi ya ce a bar masa. In ka ce masa ina kwana sai ya ce, "Na gano!" Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba kowa Na-Gano yake ce masa.

Abin da hukuma ta rubuta gajere ne. Ta ce maharbin ya hau tankin ruwan da ke bayan filin, ya yi harbi, ya sauko ta tsanin ƙarfe, ya fice ta inda katanga ta ɓule kafin mai gadin ƙofa ya iso gindin tankin da gudu. Na-Gano ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Tankin nan in ka ɗaga kai ka kalli samansa hularka faɗuwa take yi, tsaninsa duk tsatsa, mai gadin kuwa a lokacin saurayi ne mai jini a jika. Babu ɗan'adam ɗin da zai sauko ba a cim masa ba. Tunda haka ne ba daga tanki aka yi harbin ba, tunda kuwa ba daga tanki ba ne, to a nemi maharbin cikin manyan da ke zaune a rumfa. A kan wannan ya rubuta littafi mai kaurin da sai an ɗaure shi da igiya kafin a ɗauka.

Don littafin ya samu wurin kwana, ya ƙwace ɗakin da ya fi kowanne iska a gidan. Tsofaffin jaridu tun daga ƙasa har rufi, hotuna a bango, jan zare daga wannan fuska zuwa waccan. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, da shi yake wanka. Matarsa kuwa, wadda keken saƙarta ke ciyar da gidan, tana rakuɓe a lungun bakin madafa, hayaƙi na shiga ulu, masu sayen rigar sanyi suna shinshinawa suna tambaya ko a kan murhu aka saƙa.

"Maigida," in ji ta, "ɗakin nan."

"Tarihi ne a ciki."

"Ɓera ne a ciki. Jiya na ga ɗaya ya fito da kan wani minista a bakinsa."

Ya miƙe zumbur. "Wane ministan? Ki tuna da kyau, yana da muhimmanci."

Abokin hamayyarsa wani tsohon akawu ne mai tabarau, shi ma da nasa littafin. Akawu ya yarda daga tanki aka yi harbin, abin da yake nema shi ne wanda ya hau. Su biyun suka kafa ƙungiyar masu bincike masu zaman kansu, na ukunsu mai aski, don a shagonsa ake taro. Kowanne cikin biyun ya ce shi ne shugaba. Mai aski ya ce shi dai a riƙa matsawa in mai son aski ya zo.

Ran nan Na-Gano na kan kujera, an aske rabin kansa, gardama ta kaure.

"Mutum in ya so zai sauko," in ji Akawu.

"Mutum ko ƙadangare?"

"Ka taɓa hawa?"

"Na hau da ƙwaƙwalwa, wadda kai ba ka da ita."

Daidai nan matarsa ta leƙo, ta zo gaya masa mai wata fanka ya gaji da jira yana neman tafiya da abarsa a warwatse. Na-Gano ya ga shago cike da mutane, ga kuma mace, kansa ya fasu. Ya ɗaga igiyar wuyansa sama.

"Ku zama shaida! Za a gwada a filin. Wani ya taso da gudu daga ƙofa, ni in sauko daga tanki. In na riga shi, mabuɗin nan na matar nan ne, ta yi abin da ta ga dama da ɗakin. In ya riga ni, kai Akawu ka ba mai shayi littafinka ya riƙa ƙunshe burodi."

"Kun ji ko?" in ji matar.

Shago ya amsa, "Mun ji."

Ta juya ta tafi. Maganar fanka ma ba ta ƙara ba.

Ya shiga shiri. Bindiga ya fara haɗawa, da sandar fankar mutumin nan da ya gaji da jira. Sannan ya ce sai ya saba da tsayi, ya jingina tsani ya hau rufin gidansa. Yana tafe yana ƙidaya hujjoji da yatsu har ya tsallaka rufin maƙwabta bai sani ba. Kwano ya ɓurma, ƙafarsa ta leƙa madafar maƙwabciya tana tsaka da tankaɗe.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙafar. "Sannu da zuwa. Sauran jikin na tafe, ko a ƙafa za a tsaya?"

"Bincike nake yi, baiwar Allah."

"To ka binciko kafinta."

Da muciya ta tura ƙafar ta koma inda ta fito.

Ya kuma haɗa mutum-mutumin Marigayi da matashin kai da tsohuwar rigarsa, ya ɗora masa hula, ya zaunar da shi a ƙofar gida don rana ta busar da gam. Wani dattijo mai raunin gani ya zo wucewa, ya tsaya ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki. Da shiru ya yi yawa ya tafi yana faɗa wa unguwa cewa tun da Na-Gano ya fara rubutu girman kai ya hana shi amsa gaisuwa. Mutane suka ce ai sun lura.

Ya je ofishin 'yan sanda neman izini. Sajan ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zai zo da kansa, don ya san wanda zai kama.

Ranar gwaji da hantsi fili ya cika. Masu shago sun rufe, mata sun bar wanki a jiƙe, duk don a ga magidanci mai 'ya'ya ya hau ƙarfe. An kafa mutum-mutumin a kan tebur inda rumfa take a da. Matar Na-Gano ta zo da kujerarta da saƙar hannu, ta zauna a inuwa. Akawu ya ce shi zai yi gudun mai gadi, don shi ya fi kowa karanta yadda aka yi shi. Mai aski zai buga daro, ƙarar ta zama harbi.

Na-Gano ya rataya sandar fanka ya kama tsani. Daga ƙasa tankin bai kai haka ba. Da ya kai rabi ya duba ƙasa sau ɗaya, bai ƙara ba. Ya isa sama ya rungume ƙarfe, ya ɗaga hannu ɗaya kaɗan don a ɗauka gaisuwa ce.

Daro ya ce ƙwam.

Sai a lokacin jama'a suka ga irin tseren da aka haɗa. Na-Gano so yake a riga shi. Akawu ma so yake a riga shi. Na sama ya zuro ƙafa ɗaya, ya shafa matakala, ya mayar, ya canza ƙafa. Na ƙasa ya taso kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ya tsaya ya goge tabarau. Ya durƙusa ɗaurin takalmi, takalmin kuwa silifa ne.

"Ka yi gudu mana!" in ji Na-Gano daga sama.

"Gudun nake yi. Kai ka sauko!"

"Saukowar nake yi. Haka tsanin yake!"

"Haka filin yake!"

Akawu ya hango wani da suka yi aiki tare, ya ratse ya yi masa gaisuwar rashin da aka yi masa bara. Wasu suka tafi shan shayi suka dawo, aka ce musu ba su rasa komai ba. Wata mata ta je ta shanya wankinta ta dawo. A ƙarshe Na-Gano ya iso matakalar ƙarshe ya maƙale, ƙafarsa na reto, ya ƙi taka ƙasa. Akawu ya tsaya inda in ya miƙa hannu zai taɓa tsani, ya sa hannayen a aljihu. Suna jin numfashin juna.

"Bismillah, taka," in ji Akawu.

"Kai ne babba. Taɓa."

Sajan ya taso yana karkaɗe wando. "Ni na bar aiki na zo. Mai gudu ya zama mutumin da ba shi da littafi."

Aka tura mai faci, wanda unguwa ta sani da bin taya in ta kuɓuce a gangara, ya kamo ta kafin ta kai kwalta. Shi bai san me ake gardama a kai ba, an dai ce masa ya taɓa tsani. Ya cire riga ya tafi ƙofa.

Na-Gano ya ji daɗi. Da irin wannan mai gudu ko barci ya yi a hanya ya ci. Ya juya ga jama'a ya ce daro ba ƙarar bindiga ba ce, kuma bincike ba ya son kusan-kusan. Ya buga aljihun bayan wandonsa, wanda ya cika da abin fashewar nan da yara ke kunnawa su gudu. Da shi za a yi harbin, daga sama, kamar yadda hukuma ta ce.

"Maigida," in ji matarsa, ba ta ɗaga kai daga saƙa ba, "wandon nan shi kaɗai ne na fita."

"Mace ba ta san kimiyya ba," ya gaya wa mai aski, a hankali yadda ba za ta ji ba.

Hawa na biyu ya fi na farko wuya, tafin hannu duk tsatsa. Amma da ya isa ya ga kawunan mutane a ƙasa kamar an zubar da wake, sai bakinsa ya buɗe. Ya yi jawabi. Ya ce yau ƙarya za ta faɗo daga tankin nan kowa ya gani. Ya ce jikokin waɗanda ke tsaye za su karanta sunansa a makaranta. Iska ta kwashe rabin maganar, wannan ma rahama ce.

Sannan ya ciro guda ɗaya daga aljihu ya shiga aikin kunnawa. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, sandar fanka a hammata, kwalin ashana a baki. Iska ta kashe ta farko, ta kashe ta biyu. Ya juya baya ga iska, ya ƙyasta, wutar ta kama, igiyar abin ta fara tartsatsi. Cikin natsuwa irin ta masana, ya wurga kwalin ashana cikin fili, ya mayar da abin aljihunsa wurin 'yan'uwansa.

Ya tsaya yana kallon kwalin yana jiran ya fashe.

Ƙarar farko ce ta tashi mai faci daga ƙofa. Sauran suka biyo baya kamar ana soya masara a cikin wando. Waɗanda suka gani har yau ba su daidaita ba. Mai aski ya ce bai taka matakala ko ɗaya ba, gefen tsanin ya runguma ya zubo. Maƙwabciya ta ce ita hayaƙi kawai ta gani ya ja layi daga sama zuwa ƙasa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ya dira, bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya nufi inda katanga ta ɓule, ya shige, har da sandar fanka a hammata.

Mai faci ya iso kamar iska ya dafa tsani. Ya duba sama. Ya duba ƙasa. Ya zagaya tanki.

"Ina wanda aka ce in riga?"

Akawu ya cire tabarau, hawaye na bin kumatunsa. "Kamar yadda aka rubuta," in ji shi. "Har ɓular katangar."

A bayan katanga aka same shi, wurin masu wankin mota, zaune cikin rabin duro, ruwa har ƙirji, kumfa na tashi. Jama'a suka kewaye shi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara murya.

"Wannan ba ya cikin lissafi. Haɗari ne. Maharbin ai ba wuta a wandonsa."

"Mai gadi na bayansa," in ji mai aski. "Kusan ɗaya ne."

"Za a sake."

"Da wane wandon?" in ji matarsa daga baya.

Akawu ya mayar da tabarau, ya zagaya duron a hankali, yana kallon na ciki kamar yau ya fara ganinsa. "Jama'a, ku tsaya. Shekara da shekaru ina neman mutumin da zai iya saukowa daga tankin nan ya ɓace da bindiga a hammata. Ban taɓa samun ko ɗaya ba sai yau." Ya sunkuyo. "Malam, ina kake ranar da aka harbe Marigayi?"

Mai hankali da ya yi shiru. Na-Gano ya ga idanu a kansa, ya buɗe ƙirji har ruwa ya zuba.

"A filin nan nake! Kowa ya gudu, ni kaɗai na tsaya. Dab da tanki ma nake, shi ya sa na san abin da na sani."

"Dab da tanki," in ji Akawu.

"Dab da tanki," in ji Sajan, ya matso yana laluben ƙugunsa. "Ka ce kai kaɗai?"

"Wato... da mutane. Nesa kaɗan."

"Kuma shekarun nan duk kana ta cewa kada a duba tanki, a duba rumfa," in ji Akawu.

"Shi ne ya hana mu dubawa!" in ji wani daga baya. Wata ta ce ita dama tun da ya daina amsa gaisuwa ta san da wani abu. Ankwa ta fito, rana ta haska ta.

Na-Gano ya nemi matarsa da ido. "Uwar yara! Gaya musu!"

Ta ƙarasa layin da take saƙawa, ta soke allura a ulu, ta ratso mutane ta tsaya a bakin duro. Ta miƙa tafin hannu.

"Yanzu ake wannan maganar? Kina ganin ankwa?"

"Ina gani. Sabuwa ce ma."

"Takarduna fa? Aikin rayuwata?"

"In an tafi da kai ai ɗakin ba mai shiga. Sajan, a can ana barin mutum da igiya a wuya?"

"Cirewa muke yi, mu ba iyali," in ji Sajan.

"To ka gani. Ko ta nan ko ta can."

Ya ciro igiyar ta kansa, tana ɗigar kumfa, ya ɗora mata a hannu. Ta goge mabuɗin da gefen zane, ta ƙulle a haɓarsa, sannan ta juya ga Sajan.

"Ranka ya daɗe, ranar yana gida. A kife yake a kan tabarma, maruru ya fito masa daidai inda wuta ta ci shi yau. Ko zama bai iya yi, balle hawa. A rediyon mutane da aka kawo gyara ya ji labarin, ya ce in ƙara murya."

"Gaskiya ne," in ji maƙwabciya. "Ranar da aka matse shi mun ɗauka wani aka sake harbewa."

Sajan ya mayar da ankwa, da alamar bai so ba. Ya ce a kawo zane a rufe bawan Allah a kai shi gida, kuma a mayar wa mai fanka sandarsa.

Kafin la'asar jaridu sun fito tsakar gida, ɓeraye sun watse cikin unguwa neman wani marubucin. Littafin ta bar masa, ta ce ya yi daidai da tsayin da ake so a tokare ƙofar madafa. Aka share ɗaki, aka buɗe taga, keken saƙa ya shiga. Jan zaren bango ma ba ta zubar ba, ta naɗe shi, ta ce zai yi bakin hannun riga.

Na-Gano na kife a lungun bakin madafa, hayaƙi na wucewa ta kansa, sai ga Akawu ya yi sallama ya tsuguna.

"Sannu da jiki. Wata alfarma na zo nema. Ina so in sa hotonka a littafina, a matsayin mutumin da ya tabbatar da maganar tanki."

Na-Gano ya juya fuska ga bango. Daga cikin ɗaki keke na ta kai da komowa, ƙarar na fita tas ta taga. Akawu ya jira, ya gaji, ya dafa gwiwa zai tashi.

"A bangon littafin na gaba ko a ciki?" in ji Na-Gano.

"A ciki."

"A gaba. Kuma a rubuta a ƙasa cewa mai faci ko ƙurata bai gani ba."

Keke ya tsaya. "In za a ɗauki hoton," in ji matar daga ɗaki, "a ɗauka daga ƙugu zuwa sama."